Takalmi Biyu, Shadda Huɗu: Yadda Nake Riƙon Sutura a Jos

Baƙin takalmi sau-ciki da nake shiga aji da shi, bana damina ta shida ke nan da ya gani. A kasuwar Katako da ke nan Jos na saye shi, na gwanjo, kuma sau biyu aka canza masa dunduniya. Ranar Litinin idan na shigo ofishin malamai, akan samu mai tambaya ko sabo na yi, sai in ce tsohon nan ne dai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, yadi biyar na shadda mai kyau ya zama abin da mai albashi zai yi wata da watanni yana lissafi a kai. Ga haya, ga kuɗin makarantar yara, ga cefane. Abin da ke cikin akwati yanzu shi ne jari. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya wajen riƙonsa, wani daga Innata, wani daga wani dattijo mai gyaran takalmi a bakin titin Bauchi, wani kuma daga asarar da na tafka da hannuna.

Na lura yawancin kayanmu wurin wanki da shanya da ajiya suke lalacewa, tun jiki bai gama cin su ba. Jos kuma gari ne mai fuska biyu. Muna kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, a Yuli da Agusta kuwa sai a kwana biyu ko uku rana ba ta leƙo da kyau ba, ɗaki ya yi danshi, bango ya yi sanyi. Da Nuwamba ta kama sai hunturu ya shigo, iska ta bushe, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. Abin da hunturu yake yi wa diddigenka, shi yake yi wa takalmin fata.

Takalmi

Da farko ka san abin da ka riƙe. Akwai fata, akwai roba mai kama da fata. Duba bakin yanka ko cikin harshen takalmin: fatar gaske bayanta gashi-gashi ne kuma tana da warinta, ta jabu kuwa za ka ga yadi ne aka shafa wa roba. Ita ta jabun idan ta fara ɓarewa babu man da zai dawo da ita, kada ka ɓata kuɗinka. Wanda yake son ya gane fata da idonsa, ya je wajen dukawan Naraguta ya tsaya ya ga yadda suke yanka da ɗinki. Mu da ƙasarmu ta fitar da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda aka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, bai kamata a sayar mana da leda da sunan fata ba.

Sabon takalmi, musamman sandal da na makarantar yara, kafin a taka ƙasa da shi a kai shi a zagaye shi da ɗinki. Yawancinsu gam ne kawai ya riƙe su, ruwan Agusta kuma ba ya barin gam. Kuɗin ɗinkin bai kai na cefanen miya ɗaya ba.

Ga asarar da na ce na tafka. Wata shekara ruwa ya dake ni daga Farin Gada har gida, takalmina ya jiƙe sharkaf. Da yake washegari akwai taro, sai na jingina shi kusa da kaskon gawayin da muke jin ɗumi. Da safe na tarar ya ƙandare kamar ƙanzo, ina sa ƙafa ya dare ta wajen lanƙwasar yatsu. Na kai wa dattijon nan na ce, «Baba, ko da dabara?» Ya juya shi, ya girgiza kai ya ce, «Malam, fata ai jiki ce. Kai idan ruwa ya dake ka, gasa ka ake yi?» Bai karɓi aikin ba, domin babu abin gyarawa.

Dalilin shi ne fata tana da maiƙo a cikinta wanda yake sa ta laushi. Ruwa yana fitar da maiƙon, zafi kuma yana ƙanƙance ta ya busar da ita farat ɗaya. Saboda haka idan takalminka ya jiƙe, cire igiyar, cire shimfiɗar ciki idan tana fita, ka goge taɓon da tsumma mai ɗan danshi. Sai ka dunƙule tsohuwar jarida ko takardun da aka gama da su ka cusa har bakin yatsu. Takardar tana tsotse ruwa, tana kuma riƙe siffar takalmin kada ya lanƙwashe. Bayan awa biyu ko uku ka canza ta, kafin ka kwanta ka sake canzawa. Ajiye shi inda iska ke wucewa, a inuwa, ka jingina shi ta yadda tafinsa ma zai sha iska. Zai ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Ka yi haƙuri da shi.

Idan ya bushe sai mai. Ni man kaɗe nake amfani da shi, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gyaɗa ga kowace ƙafa. Ka murza shi a tafin hannu ya narke, ka shafa da tsumma ko yatsa, ka bi lanƙwasa da bakin ɗinki, ka bar shi ya kwana, da safe ka goge abin da fatar ba ta sha ba. Yana sa fata mai haske ta yi duhu, don haka gwada a bayan dunduniya tukuna. Kada ka labta da yawa, ƙura za ta manne, fatar kuma ta saki. A hunturu sau ɗaya a wata ya isa. Folish, irin su Kiwi, aikinsa dabam ne: launi da sheƙi da ɗan kariya daga ruwa. Kuskuren da nake gani shi ne a shafa folish a kan ƙura. Yaran nan 'yan shushaina suna sauri ne, wani ba ya kakkaɓewa da kyau, sai datti ya yi ta taruwa ƙarƙashin folish har ya yi ɓawo ya tsage. Buroshi biyu nake da su, ɗaya na ƙura, ɗaya na ƙyalli, kuma gwangwani ɗaya yakan kai ni wata huɗu domin shafa siriri nake yi. Takalmi mai gashi-gashi a waje kuwa ba ya son mai ko folish, busasshen buroshi kawai.

Fumfuna ita ce cutar damina. Ka jawo takalmin Sallah daga ƙarƙashin gado a watan Satumba ka ga ya yi fari-fari ko kore-kore. Fita da shi waje ka kakkaɓe, kada ka yi a ɗaki yara su shaƙa. Haɗa ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ka goge ciki da waje, ya bushe a inuwa, sannan mai. Kada ka ƙara ƙulle takalmi a leda, kada kuma ya zauna a kan siminti kai tsaye. Ɗan katako a kan bulo biyu ya wadatar.

Abu mafi arha da ya fi komai tsawaita ran takalmi shi ne hutu. Ƙafa tana gumi ko a sanyin Jos, takalmin da aka sa yau yana bukatar yini guda ya bushe ta ciki. Biyu gare ni, baƙi da ruwan ƙasa, ina musanya su. Wari ma da haka yake raguwa. Idan ya riga ya kama, zuba garin bekin soda ko 'yan gutsattsarin gawayi a tsohuwar safa, ɗaure bakin, ka saka ciki ya kwana. Ka kuma riƙa duba dunduniya duk ƙarshen wata. Da ka ga ta fara cinyewa ta gefe ɗaya, a manna mata guntun roba ko taya. Idan ka bari cin ya kai jikin takalmin, aikin ya ninka, tafiyarka ma ta karkace.

Farin kambas na yara: jar ƙasar nan tamu idan ta kama shi, a bar taɓon ya bushe a kakkaɓe tukuna, sannan a wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Rawayan nan da yake fitowa bayan ya bushe, yawanci ragowar sabulu ne, saboda haka a ɗauraye sau uku. A lulluɓe shi da farar tishu yana jiƙe, ta bushe a jikinsa, ita za ta janye dattin da ke tasowa.

Wanki

Innata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa barin shadda ta kwana a ruwa ba. Garin sabulun nan da muke kira omo, ko wane kamfani ya yi shi, yana da ƙarfi, an yi shi ne don datti mai nauyi. Idan ka jiƙa shadda a ciki na tsawon lokaci, launi ya dusashe, sheƙin ya tafi. Wadda muke kira gezna, sunan ya samo asali ne daga Getzner, kamfanin da ke saƙa ta a ƙasar Ostiriya, kuma yawancin kuɗinta na wannan sheƙin ne. Ruwan sanyi, sabulu mai laushi, ka juya rigar ciki ya koma waje, ka cuɗa wuya da bakin hannu da bakin aljihu inda dattin yake, sauran jikin ka dulmuya ka ɗaga kawai. Wajen aikin wuya kada buroshi ya taɓa shi. Kada ka murɗe, ka ɗaga ruwan ya tsiyaye da kansa. Ba kuma duk sawa ce take bukatar wanki ba. Kaftanin da ka je Juma'a da shi awa biyu, rataye shi ya sha iska, ka ninke. Singileti a ciki shi yake ɗaukar gumin, shi ake wankewa kullum.

Sabuwar atamfa a wanke ta ita kaɗai a ruwan sanyi, sau biyun farko, har a ga ta daina zuba. Kaya masu launi duka a inuwa ake shanya su, a juye. Ranar Jos tana yaudara, iska da sanyi amma tana cin launi. Fararen kaya su ne masu son rana, da ɗan bula a ruwan ɗauraya na ƙarshe, a narka ta sosai kafin a tsoma kaya don kada ta yi dabbare-dabbare.

Tabo kuwa tun ran gini tun ran zane. Manja: goge abin da ya taru, ɗiga sabulun wanke-wanke a kai tun kafin ruwa ya taɓa wurin, murza, ɗauraye, ka shanya wurin a rana, domin rana tana cinye jan manja. Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Tsatsa daga ƙusa ko igiyar waya: lemon tsami da gishiri, a sa a rana, a ɗauraye. Bilic ƙara kama tsatsa yake yi. Tawadar biro, wadda ita ce ciwon kowane malami, sa tsumma a ƙarƙashi ka riƙa dangwala sifirit da auduga, tawadar tana sauka kan tsumman. Goro ya fi su taurin kai, da ya ɗiga a wanke shi nan take. Turare mai maiƙo kuma kada a shafa shi kai tsaye a kan shadda mai haske, yana barin zobe. Duk tabon da bai fita ba kada dutsen guga ya hau kansa. Kuma don Allah, kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko lemon tsami, haɗin yana fitar da iska mai guba wadda take ƙona ƙirji.

Sitaci a gida muke yi. Dama garin sitacin rogo cokali biyu ko uku da ruwan sanyi kaɗan, ka zuba tafasasshen ruwa kana juyawa har ya yi kauri ya koma garai-garai kamar koko marar gari, ka tsinka da ruwa gwargwadon ƙarfin da kake so, ka tace da ƙyalle don kada gudaji ya manne a riga. Shaddar fita kunya ita nake kai wa masu bugu, domin bugu yana dawo da sheƙin da dutsen guga ba zai iya ba, amma sau biyu ko uku a shekara, yawan bugu ma yana cin zare. Hula kuma ban taɓa wanke ta da kaina ba tun da na lalata wata zanna. Masu wankin hula suna da gungumen itacen da suke ɗora ta a kai ta bushe da siffarta, a bar musu sana'arsu.

Guga a bayan yadi ake yi, musamman leshi da wurin aiki. Idan babu wuta ka koma dutsen gawayi, hure tokar, goge ƙasansa, ka shimfiɗa farin ƙyalle tsakaninsa da rigar. Akwai kuma dalilin guga da ya wuce ado. Da damina akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a kan kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa mai danshi, tsutsar ta shiga fatar mutum ta yi kamar maruru. Zafin guga yana kashe ƙwan. Kayan yara, har ɗan kamfai, a goge su, kuma a daina shanya a kan ciyawa.

Rigar sanyi ta saƙa, wadda babu gidan Jos da ba ta, ruwan sanyi take so. Kada a rataye ta jiƙe, nauyin ruwa zai ja ta ta zama buhu. A naɗe ta a tawul a matse, a shimfiɗa a kan tabarma. Ƙulle-ƙullen da suke fitowa a jikinta, shimfiɗa ta a tebur ka bi da rezar aski a hankali, za ka sha mamaki.

Ajiya da sabuntawa

Kayan da za su daɗe a akwati a ajiye su wankakku, busassu ƙarau, kuma ba sitaci, domin kyankyaso da ƙwari suna bin sitaci, asu kuma gumi da maiƙo yake bi a kayan ulu. Akwati kada ya jingina da bango da damina. Duk ranar da rana ta buɗe a Agusta, uwargida takan fito da komai ya sha iska awa biyu, da yamma ta ɗora a kabbasa ta turara. Game da kafur ina da gargaɗi mai ƙarfi: kada a sa shi cikin kayan jarirai ko zannuwan goyo. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani, yaro mai rarrafe kuma zai iya ɗauka ya kai baki.

Sabunta kaya ya fi daɗi a wurina fiye da sayen sabo. Farar shaddar da ta yi shekara huɗu ta fara komawa ruwan madara, kai ta wurin masu rini ta dawo shuɗiya mai duhu ko ruwan ƙasa, a yi mata sitaci da bugu. Sai dai ka sani, rini auduga yake kamawa da kyau. Yadi mai roba a ciki ba ya sha, zaren aikin wuya ma sau da yawa yakan tsaya da launinsa na da. Ka tambayi mai rinin kafin ya tsoma, wani lokaci bambancin yakan yi kyau, wani lokaci kuma ya ɓata rigar. Babbar rigar mahaifina guda ɗaya ta ba ni kaftani da wando na babban ɗana, har da ragowar da aka yi wa ƙaramin 'yar shara. Zanin atamfa da ya ƙoshi a tsakiya, gefunansa suna fitar da riga da siket na yarinya. Kwalar shat da ta cinye, tela zai farke ta ya juya, ɓangaren da ya lalace ya koma ƙasa. Maɓallai sababbi kaɗai suna canza fuskar tsohon kaftani. Amma kada ka kai irin wannan aikin ana saura mako biyu Sallah, tela ba zai kalle shi ba, ko ya yi maka a gurguje. Bayan Sallah da mako biyu shagon shiru, zai zauna ya yi maka da natsuwa kuma da sauƙin kuɗi. Allura da zare baƙi da fari su zauna a gida, kuma a koya wa yara maza ma, farkewar ɗan yatsa ɗaya idan ta shiga wanki sai ta dawo taƙi guda.

Idan sayen ya zama dole, gwanjo ba abin kunya ba ne. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye, amma ni Katako na fi sabawa. Ka yi abota da mai shago ɗaya ya riƙa gaya maka ranar da zai fasa dila, ka je da sassafe ka yi zaɓin farko. Ɗaga riga ka duba ta a hasken rana, hammata, wuya, tsakanin ƙafafun wando, ka ja zif sama da ƙasa. Rigunan sanyi a Maris ko Afrilu nake sayen su, lokacin da zafi ya shigo kowa ya daina nema, in wanke in ajiye wa Disamba. Takalmi kuwa da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka riƙa sawa. Ka lanƙwasa tafin da hannu biyu, ka danna shi da farce. Akwai takalman da suka daɗe a ajiye a can ƙasashen da aka kwaso su, samansu kamar sabo, amma robar tafin ta mutu, kwana uku za ta fara marmashewa a hanya. Idan ka ga 'yan tsage-tsage ko ka ji tana danƙo, ajiye shi ko nawa aka rage maka. Idan kuwa saman fata ce ta gaske kuma tafin ne kawai ya gaji, saye shi da arha ka wuce da shi wurin mai gyara a sa masa sabo. Haka na yi da ruwan ƙasan nan nawa, kuma ranar Asabar mai zuwa zan mayar wa Baba shi ya duba ɗinkin gefen hagu kafin ruwan Agusta ya kankama.